Ba kainuwa ce ke tace ruwan asibiti ba, yaro

Ka tambaye ni ko a zuba kainuwa a kwatamin asibiti ta tsotse dattin a huta. Yaran yanzu ke nan, kun gani a waya kun ɗauka aikin kwana ɗaya ne. Buɗaɗɗen ruwa da kainuwa a kai gidan sauro ne, kuma kusa da majinyata. Abin da ake ginawa fadamar tace ruwa ce, wato rami cike da tsakuwa da shuka a kai. Ruwan kuwa ta ƙarƙashin tsakuwa zai bi, santimita 5 zuwa 10 ƙasa da samanta, kada ido ya gan shi.

Zurfin rami santimita 60, gangaren santimita 1 a kowace mita, a shimfiɗa leda mai kauri, aƙalla milimita 1. Tsakuwa mai girman milimita 10 zuwa 20, manyan duwatsu a mashiga da mafita. Ka dasa kachala ko jema, tushe huɗu a murabba'in mita. Aikin haƙa da ɗaura fayif ba sai na faɗa maka ba. Asibitin Dhulikhel na ƙasar Nepal irin wannan ya gina tun 1997.

Ka riƙe wannan: ƙananan halittun da ke manne a tsakuwa da saiwoyi su ke cinye dattin, shukar kuwa masauki take ba su. Shi ya sa har yau nake jin haushin wani mai asibitin kuɗi. An ce masa sai an gina tankin da kashi zai kwanta kafin ruwa ya shiga fadamar, ya ce ɓarnar siminti ce. An rubuta masa wankakkiyar tsakuwa, ya saɓa ya kawo mai arha, cike da jar ƙasa. Ƙurar da dagwalon suka toshe ƙofofin tsakuwa tun daga mashiga, baƙin ruwa ya taso sama, wari ya kai ɗakin haihuwa. Sai da aka kwashe tsakuwar kaf, shebur ya yayyaga ledar. Bayan duk wannan ya riƙe cikon kuɗin ma'aikata, wai aikin ne bai yi kyau ba!

Ruwan ɗakin gwaji, da na wanke hoton ƙashi, da ragowar magunguna, a ware su daban. Bilic mai yawa na kashe halittun nan. Kulorin a mafita ake sa shi, don fadamar ba ta gama da ƙwayoyin cuta. Ka sare kan kachala kafin ta yi iri, ka san yadda ta cinye hanyoyin ruwan Haɗeja da Nguru. Abin da ka yanka kuwa, ko akuya kada a ba.