Fatawa: Gwajin Wankan Gawa Da Wasan Bilal A Walimar Sauka

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata Islamiyya a Rigasa. Ranar walimar sauka ɗalibai za su gwada wankan gawa da 'yar tsana, su yi ɗawafi a kewayen Ka'abar kwali, sannan su yi wasan Bilal da Umayya bin Khalaf. Wani mahaifi ya ce duk dirama ce, ƙarya ce, haramun ce. Ina mafita?

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ranar. Abubuwan nan uku ba hukuncinsu ɗaya ba. Ki duba kowane yaro: yana nan a sunansa yana nuna aiki, ko ya ajiye sunansa ya ɗauki na wani yana magana da bakinsa? Na farko gwaji ne, ko da an yi shiga an tara jama'a. Na biyu shi ne wasan kwaikwayo.

Wankan gawa da ɗawafi gwaji ne, babu laifi. Annabi (SAW) ya yi salla a kan mumbari don mutane su koya. Ki dai tabbatar an rufe al'aurar 'yar tsanar, an fara da dama da gaɓoɓin alwala, an yi wankin wutiri, domin iyaye da yawa a nan za su fara ganin yadda ake yi.

Maganar mahaifin kuwa tana da magabata cikin malamai, kada ki raina shi. Amma ban gamsu da ita ba. Ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da ya saɓa wa gaskiya don ya gaskata. Wa ya gaskata cewa yaron da aka manna wa gemun auduga tsoho ne, alhali uwarsa na zaune a sahun gaba? A hadisin kuturu da mai sanƙo da makaho, mala'ika ya zo musu yana cewa shi matafiyi ne da guzuri ya yanke wa. Ibn Mas'ud kuma ya ce kamar yana kallon Annabi (SAW) yana kwaikwayon wani annabi da mutanensa suka doke shi, yana share jini daga fuska. Hadisin Nana A'isha da masu haramtawa suke kafa hujja da shi, inda Annabi (SAW) ya ƙi a kwaikwayi mutum, yana magana ne a kan wani sananne da ake muzantawa, wato giba da jiki. Saboda haka wasa a kan ƙagaggen ɗan kasuwa mai tauye mudu halal ne, in ya kuɓuta daga cakuɗa maza da mata da namiji ya yi shigar mace.

Inda na tsaya miki shi ne Bilal da Umayya. Waɗannan ba ƙagaggu ba ne. Yaron da ya fito a Umayya, wanda ya azabtar da Bilal saboda ya musulunta, dole ya zagi tauhidi da bakinsa, kuma kin san yaran unguwa: sunan zai bi shi har ya yi gemun gaske. Wanda ya fito a Bilal kuma, da zarar ya yi tuntuɓe ko ya mance zance za a kwashe da dariya, dariyar ta faɗa kan sahabi. Ki cire wannan. Ki sa ɗalibi mai murya ya karanta ƙissar a tsaye, yana cewa "sai ya ce", sauran su amsa "Ahad, Ahad".

Abin da ba ki tambaya ba: wayoyi. Za a ɗauka a watsa a TikTok, don haka 'yan matan da suka tasa su yi nasu gwajin a gaban mata zalla. Kada kuma shirin wasa ya cinye makonnin muraja'a. Mahaifin nan ki aika masa da shugaban makaranta ya nuna masa tsarin kafin ranar. Allah ne mafi sani.