Taliyar Indonesiya a kaskon gida: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na ci soyayyar taliyar da 'yan Indonesiya ke kira mie goreng a gidan wata maƙwabciyata, ina so in yi wa maigida. Wace taliya zan saya? Kuma dole ne sai na sayi kaskon nan mai zurfi irin na 'yan Sin? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki kashe kuɗinki a kan kasko. Wanda kike suyar ƙosai da shi ya wadatar, in dai na ƙarfe ne mai riƙe zafi. Wuta ce gaba da komai a wannan girki. A birnin Yogyakarta da ke tsibirin Java, har yau a kan gawayi masu sayarwa suke soya ta, kwano ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kurfotinki ma zai yi, amma kada ki cika kaskon. Ki soya ta mutum biyu, ki sauke, ki sake.

Su can taliyar alkama mai ƙwai suke amfani da ita, mai launin ɗorawa. In kin same ta a babban kanti, madalla. In ba ki samu ba, Indomie ta isa, don ita ma asalinta 'yar Indonesiya ce, tun 1972 ake yin ta a can kafin a kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun. Ki ajiye kayan ɗanɗanon da ke cikin ledar gefe. Ki tafasa ta minti 2 kacal, ki tsane, ki yayyafa mata ɗan man gyaɗa don kada ta manne. In ta nuna luguf tun a tukunya, a kasko za ta caɓe.

Tambaya: Anti, na zagaya kantuna ban ga kecap manis ba. In bar shi kawai? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: A'a ƙanwata, shi kam ba a barin sa. Shi ne ke ba taliyar duhun nan da sheƙi da ɗan zaƙi. Soya sos ne, wato baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya, da aka dafa da sukarin bishiyar kwakwa na can har ya yi kauri, kuma kina iya haɗa kwatankwacinsa a gida. Ki sayi soya sos mai tambarin halal, ki nemi mazarƙwaila mai tsabta. Rabin kofi na soya sos ɗin, rabin kofi na dakakkiyar mazarƙwaila, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya fara bin bayan cokali kamar zuma. In ya huce zai ƙara kauri, don haka ki sauke da wuri. Ni na fi son mazarƙwaila a kan farin sukari, don tana da ƙamshin da ya fi kusa da nasu.

Wajen suya, ki daka albasa da tafarnuwa da attaruhu, ki soya har ƙamshi ya tashi. Ki zuba yankakkiyar tsokar kaza, ki ture ta gefe ki fasa ƙwai biyu ki dagargaza, sai kabeji da karas. Taliya ta biyo baya, sannan ki zuba cokali 3 na haɗin soya sos da mazarƙwailar ta gefen kasko, inda ƙarfen ya fi zafi, ki yi ta juyawa da sauri. Ki ɗanɗana kafin ki sa gishiri, soya sos ya riga ya kawo nasa. Lawashi a ƙarshe, da soyayyar albasa a sama, da kokwamba a gefe.

Tambaya: Na ji ana sa wani abu wai shi terasi. Daddawa za ta maye gurbinsa?

Amsa: Terasi ƙananan jatan lande ne da aka tsima da gishiri aka busar. Daddawa za ta ja ɗanɗanon zuwa miyarmu ta gida, don haka ban ba ki shawararta ba. Ki sayi busasshen jatan lande a kasuwa, ki daka, ki soya ƙaramin cokali ɗaya tare da albasar.