Shin labarin Annabi Yusuf iri ɗaya ne a Alƙur'ani da Attaura?

Mai tambaya, ginshiƙin labarin ɗaya ne: mafarkin yaro, hassadar 'yan'uwa, rijiya, kurkuku, sannan ɗaukaka a Masar. Yahudawa da Kiristoci suna karanta shi a Littafin Farawa, littafi na farko a Attaura, babi na 37 zuwa 50, Musulmi kuwa a Suratu Yusuf mai ayoyi 111.

Bambancin da ya fi jan hankalina shi ne na Annabi Yaƙub. A Farawa, da ya ga riga da jini, ya gaskata cewa naman daji ya cinye ɗansa. A Alƙur'ani kuwa bai yarda da batun kerkeci ba, ya zaɓi kyakkyawan haƙuri. Haka nan, matan da Alƙur'ani ya ce sun yanyanke hannayensu da suka ga Yusuf ba su zo a Farawa ba.