Kafin a yanka sa, ku nemo littafin bashin Baba

Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Tun bayan sallar asuba na ga tambayarki, na ajiye waya na sake ɗauka ya fi sau uku. Kin ce watansa biyu da rasuwa, an haɗa kuɗi a gida, wasu na cewa a yi babbar sadaka, wasu na cewa a buga kalanda da hotonsa, ke kuwa hankalinki bai kwanta ba, abin da zai same shi a kabari kike nema. Wallahi kamar da bakina kika yi magana.

Namu Baban tela ne a Fagge, kuma shi ne ladanin masallacin layinmu tun kafin a haife ni. Ba shi da lasifika mai kyau, ba ya ma buƙatarta. Da muryarsa muke tashi sahur. Ya rasu a makon farko na azumin 2020, lokacin nan da mutuwa ta yi ta ɗibar dattawan Kano, gari a kulle, masallatai a rufe. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kiran mutane salla, kwanakinsa na ƙarshe a tsakar gida ya yi su yana jan Inna da ƙannena jam'i.

Ni ina Kaduna a ɗakin mijina. Da daddare ƙanina ya kira ni ya ce numfashin Baba yana sama-sama. Asibiti biyu suka je, ko ƙofa ba a buɗe musu ba. Ina riƙe da waya ina jin ƙanina yana bugun ƙarfen ƙofa yana cewa don Allah ku duba shi, tsoho ne. Har yau in na ji ana buga ƙofar ƙarfe da dare sai gabana ya faɗi. Suka dawo da shi gida, kafin a kira asuba Allah Ya karɓi abinSa. Gari na wayewa muka kama hanya ni da maigidana, a iyakar jiha aka tsayar da mu aka ce ba shiga ba fita. Na yi roƙo, na yi kuka, na nuna musu saƙon rasuwar a waya. A gefen titi nake zaune cikin mota, da azumi a bakina, aka kira ni aka ce an kai shi. Ban ga fuskarsa ba, ban ce ya yafe mini ba. Mako biyu kafin nan ya ce in aiko da awon yarana zai ɗinka musu kayan Salla, na ce masa Baba wane kayan Salla ana wannan kulle, bari tukuna. Wannan “bari tukuna” ita ce maganar ƙarshe mai tsawo da ta shiga tsakaninmu. Ki yi haƙuri, na san ba wannan kika tambaya ba.

Abin da ya sa nake ba ki labarin shi ne abin da ya biyo baya. Da aka buɗe gari a watan Yuli, Baffanmu, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce tunda ba a yi zaman makoki yadda ya kamata ba, dole a yi taron addu'a na fita kunya. Kuɗin fa? Bai shawarci kowa ba, Inna tana cikin takaba, ya buɗe shago ya sayar da kekunan ɗinki biyu, har da tsohon Singer baƙi da Baba ya koyi sana'a a kansa. Aka sayi sa, aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ci aka sha aka watse. Shi kuwa yana ta yawo cikin babbar riga ana cewa Alhaji ya kyauta wa ɗan'uwansa. Da na yi magana ya ce ni mace ce, kuma gidan wani nake, ban da ta cewa. Wannan Baffan, Baba ne ya riƙe shi tun yana yaro, shi ya yi masa aure. Baba ya yi wata da watanni ƙafa na damunsa, sau nawa ya leƙo? Ina ƙoƙarin yafe masa, Allah Ya sani, ina gaishe shi duk Salla saboda Baba, amma maganar nan ba ta bar ƙirjina ba.

Kwana tara da taron wani dattijo mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya yi sallama. Cikin jin nauyi ya ce ba don ya matsa ba, sai don kada abin ya tsaya wa Malam a can, akwai ragowar kuɗin shadda. Muka ce ina shaida? Ya ce Malam yana rubutawa a wani ɗan littafi. Aka birkice ɗaki ba a gani ba. Ashe littafin yana cikin aljihun keken da aka sayar. Sai da ƙanina ya yi kusan mako uku yana bin sawu kafin ya samo wanda ya saya, Allah Ya saka wa bawan Allahn nan, bai yar ba. Da ajami Baba ya rubuta komai: mutum huɗu suna binsa, ga kuɗin mutanen da suka ba da ɗinki ba a gama ba, ga yadin amanar mutane a shago. An ci sa da sunansa, shi kuwa yana kwance da bashi a wuya wata uku.

Don haka 'yar'uwa, kuɗin nan da kuka haɗa, kada a taɓa ko kwabo sai an bincika bashi. Kada ku jira masu bashi su zo, da yawa kunya ce za ta hana su. A sanar a masallacinsa, a je kasuwarsa ko wurin aikinsa, a duba waya, a duba aljihun riguna, a tambayi mama ko akwai ragowar sadakinta ko adashin da yake zubi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. A cikin Bukhari an kawo gawar wani sahabi, Annabi (SAW) ya tambaya ko ana binsa bashi, aka ce dinari uku, ya ce ku sallaci ɗan'uwanku, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa sannan ya sallace shi. Dinari uku! Kuma a ayoyin gado na Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, sau huɗu Allah Yake maimaita cewa rabo sai bayan wasiyya ko bashi. In kuma akwai marayu ƙanana a gidanku, kada wani ya ɗebi dukiyar gado ya yi sadaka da ita, haƙƙinsu ne. Mai son yin sadaka ya ciro daga aljihunsa.

Maganar uku da bakwai da arba'in ba zan shiga ba, kin san yadda take ƙarewa a nan. Kalanda dai na ga inda ake naɗe ƙosai da ita bayan shekara, da fuskar mutum da sunan Allah a jiki.

A bayan littafin nan muka tarar da wani abu. Sunayen yara ne 11 da awonsu, ba kuɗi a gaba. Ko Inna ba ta sani ba. Marayun unguwa ne da yake ɗinka wa kayan ƙaramar Salla duk shekara, yana ce wa iyayensu mata wani ne ya biya. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa. Tun daga 2021 mu muke yi, ni da ƙannena, a wurin yaronsa da ya koya wa ɗinki. Ba wani kuɗi ba ne mai yawa. Ki bincika, na tabbata naku Baban yana da irin nasa: wata gwaggo a ƙauye da yake aika wa hatsi, ko kuɗin wutar masallaci, ko almajirin da ke karɓar tuwon dare. Ranar da ya rasu su ma an yanke musu, kuma ba za su zo su faɗa muku ba.

Sai abokansa. Wannan na makara ban gane ba. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, don kawai uban mutumin aminin Umar ne, ya ce ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafificiyar biyayya ita ce mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Akwai wani tsoho da suke zaman hira da Baba bayan la'asar, idonsa ya tafi yanzu. Ranar da na kai masa sukari da gero ya ji muryata, ya kira ni da sunan da Baba kaɗai ke kira na. A bakinsa na ji labarin ƙuruciyar Baba da ban taɓa ji ba. In kina son jin ƙamshin mahaifinki, je ki gaishe su tun suna raye.

In kuɗi ya ragu, ku duba ruwa. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Mu ba mu kai ga burtsatse ba, tanki muka saya wa masallacinsa, kuma ba mu rubuta suna a jiki ba don shi ba zai so ba. Addu'a kuwa ba ta son kuɗi, ke ce ɗiyar kirkin da hadisi ya ce aikinsa bai yanke ba saboda ke. Ni a sujjadar ƙarshe nake yi masa, da “Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira”, wani lokaci da Hausa ma kawai, in harshe ya yi nauyi.

Ba ki faɗi halin da mama take ciki ba. Wata biyu, tana tsakiyar takaba ke nan, saura wata biyu da kwana 10. Yanzu ne 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, yanzu ne ɗakin yake yi mata faɗi. Innarmu sai da ta daina cin abincin dare ba wanda ya lura, don da shi ta saba ci. Ki riƙa kiranta bayan isha'i, in da hali wani a cikinku ya riƙa kwana a ɗakinta. Ki gaishe mini da ita.