Injin wanki mai feshin ruwa: wanne ya dace da aikin gida?

Wannan fili na waya da kwamfuta ne, amma a 'yan makonnin nan saƙonni sun taru a kan injin nan mai feso ruwa da ƙarfi, wanda ake wanke mota da daɓe da katanga da shi. Tunda shi ma na'ura ce, kuma da yawa a intanet ake sayensa, na ga bai kamata in kau da kai ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son injin da zan riƙa wanke mota da daɓen ƙofar gida da katanga. Na ga guda biyu a intanet, dukkansu wat 1,400. Ɗaya an rubuta bar 110, lita 6 a minti. Ɗayan kuma bar 300, lita 8 a minti, kuma ya fi araha. Ashe ba na biyun zan ɗauka ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ɗauki na biyun, kuma bari in nuna maka dalili da lissafin da za ka iya yi a wayarka. Ka ninka bar, wato ma'aunin ƙarfin matsin ruwa, da yawan litar da injin ke fitarwa a minti, sannan ka raba da 600. Abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ake buƙata kafin a tura ruwan. Na farkon: 110 sau 6, a raba da 600, ya ba da kilowat 1.1, wato wat 1,100. Injin mai wat 1,400 zai iya wannan. Na biyun: 300 sau 8, a raba da 600, kilowat 4 ke nan. Ta yaya injin da ke jan wat 1,400 daga soket zai fitar da aikin wat 4,000? Ba zai yiwu ba. Lambar ado ce aka buga a kwali don a ja hankalin mai saye, kuma abin yana ci mini rai, domin mutane na zuba kuɗin guminsu a kan haka.

Ko a kamfanonin kirki ma, lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro ita ce ƙololuwar matsin da famfon cikin injin ke kaiwa. Matsin da yake aiki da shi yau da kullum bai kai nan ba, sai ka duba takardar bayanin injin za ka gan shi. In kuma ka ga an rubuta PSI maimakon bar, bar ɗaya kusan PSI 14.5 ne, don haka PSI 2,000 bai wuce bar 138 ba. Yawan sifili ne kawai yake ruɗar ido.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: bar yana ɓamɓare datti, amma yawan ruwa ne yake kwashe shi. Injin da ke da matsi sosai amma ruwansa kaɗan ne, za ka ga yana zana siririn layi a daɓe kamar alli, ka yini a sunkuye ba ka gama ba. Don irin aikin da ka lissafa, bar 110 zuwa 145 da lita 6 zuwa 8 a minti sun wadatar. Misali, a injinan Kärcher, K2 yana ba da bar 110 da lita 360 a awa (lita 6 a minti), K5 kuma bar 145 da lita 500 a awa (lita 8 da ɗan kai a minti). Ba talla nake yi musu ba, ma'auni nake ba ka da za ka gwada sauran da shi, ko Bosch ne ko Nilfisk ko Makita.

Sai ka ɗaga injin ka ji nauyinsa. Masu sauƙi suna da moto mai kabon, yana da ƙara kuma kabon ɗin yana cinyewa. Masu nauyi suna da moton da ba shi da kabon, ƙararsa kaɗan ce kuma ya fi daɗewa. In sau ɗaya ko biyu a wata za ka kunna, mara nauyin ya isa. In duk mako ne, ƙara kuɗi ka sayi mai nauyin. Tiyon ma kada ya gaza mita 6 zuwa 8, in ba haka ba za ka riƙa jan injin kana zagaya mota da shi.

Tambaya: Malam, ruwan famfonmu ba shi da ƙarfi, a tanki muke tarawa, wuta kuma wani lokaci sai da janareta. Injin zai yi mana aiki kuwa?

Amsa: Zai yi Hajiya, amma da sharaɗi. Injin ba ya ƙirƙirar ruwa, wanda aka ba shi yake matsawa. Ki sa a ɗauki bokiti mai lita 10 a tara a bakin famfon, a duba agogo. In ya cika cikin minti ɗaya, kin tsira. In sai ya ɗauki minti biyu, lita 5 ke nan a minti, injin mai buƙatar lita 7 zai riƙa shaƙar iska yana tari yana tsayawa, kuma wannan ne yake kashe famfon cikinsa. A irin haka ki nemi wanda aka rubuta cewa yana iya zuƙo ruwa da kansa daga duro ko tanki, a haɗa miki da tiyon zuƙa.

Kada ki yarda a kunna shi ba matata a bakin shigar ruwa. An taɓa kawo mini wani da ya daina ba da ƙarfi bayan wata uku kacal. Da muka kwance kan famfon, sai ga yashi laƙe a ƙananan bawul ɗin, robobin kuma duk sun kakkarce kamar an goga musu sanfefa. Matatar da ba ta kai girman kofin shayi ba ce za ta hana wannan asarar. Kafin a kunna wuta, a buɗe ruwa a matsa kunamar bindigar feshin har iska ta gama fita, ruwa ya riƙa zuba ba yankewa.

Maganar janareta kuwa, moto yana fizgar wuta ninki biyu ko uku a lokacin tashi, kuma wannan injin duk sanda aka saki kunama aka sake matsawa, sabon tashi yake yi. Don haka janareta ko inbata da ƙarfinsa yake daidai wa daida da na injin ba zai ɗauka ba. In za a ƙara waya, a sa mai kauri, a warware ta duka, a ɗaga mahaɗar daga ƙasa inda ruwa ke gudu.

Tambaya: Na fetur, na lantarki ko na batir? Kuma na ga wani da ake haɗawa da waya ta Bluetooth.

Amsa: Na fetur na masu sana'a ne da masu babban fili. Yana wuce bar 200, yana son canjin baƙin mai, kuma ba a kunna shi a gareji ko wani rufaffen wuri, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid mai kisa ba tare da wari ba. Na batir kuwa yawanci bar 20 da 'yan kai yake bayarwa. Ya yi kyau wajen ɗauraye keke ko kujerun waje, amma ba zai cire gansakuka a daɓe ba. Manhajar waya tana nuna maka matsin da ya dace da kowane aiki, ba ta ƙara wa injin ko bar ɗaya. Ni da zan zaɓa, doguwar tiyo zan saya da wannan kuɗin.

Tambaya: Malam, na sayi nawa, ranar farko na ɓantare fentin ƙofa. Yanzu ina tsoron taɓa mota da shi. Kuma zan iya wanke farantin sola da na'urar sanyaya ɗaki?

Amsa: Ina kyautata zaton da bakin feshi mai launin ja ka yi. A injinan da ake canza musu baki, launi yana nuna faɗin feshin. Ja digiri 0 ne, ruwan na fita a tsaye kamar allura. Rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na sabulu ne. Mota da gilashi da katako fari suke so, daɓe da siminti kore. Jan nan ka ajiye shi a akwati, da wuya aikin gida ya buƙace shi. Ka fara daga nesa, kamar rabin mita, a lungun da ba a gani, sannan ka matso a hankali. Kada ka kusanci gefen taya ko robar gilashi fiye da santimita 30. A babur ka kauce wa boris da sarƙa, domin ruwan yana kore giris ya zauna a wurinsa.

Farantin sola, a'a. Matsin yana iya kutsa ruwa ta gefen firam ya lalata shi, ruwan tiyo da soso mai laushi sun ishe shi. Na'urar sanyaya ɗaki ma haka, siraran ƙarafunan bayanta lanƙwashewa suke yi su toshe iska. Wayarka kuma ka bar ta a ɗaki. IP68 da aka rubuta mata alƙawarin jure nutsewa ne a ruwa mai kwanciya, ba feshin bar 100 ba.

Ka sa tabarau da rufaffen takalmi, ba silifas ba, ka kuma kawar da yara da dabbobi daga wurin. In ruwan ya huda fatar wani, ko da ramin bai fi kan allura ba, a tafi asibiti nan take a faɗa wa likita cewa injin matsi ne, domin ruwa da datti sun riga sun shige can cikin nama inda ido ba ya gani.