Tambaya da Amsa: Wai gem na koya wa mutum aikin soja?

TAMBAYA: Malam, ƙanena kullum yana shagon gem nan Mabera yana buga Call of Duty, in an yi magana sai ya ce wai tirenin ɗin soja yake. Don Allah akwai gaskiya cikin zancen ga? Daga wata mai karatu, Sakkwato.

AMSA: Hajiya, akwai ƙamshin gaskiya amma yaron ya ƙara gishiri. Tun 1996 sojan ruwan Amurka na Marin suka gyara gem ɗin Doom II suka mai da shi Marine Doom, mutum huɗu kowa da kwamfutarsa, shugaba a cikinsu na ba da oda, biyu su riƙa ɓarin wuta don maƙiyi ya kasa ɗago kai, sauran biyun su ruga su samu mafaka, sai a yi musanya, haka har a isa. Yanzu kuma akwai VBS, wani gem ɗin tirenin a kwamfuta da sojan Amurka da na Ingila ke amfani da shi. Abin lura shi ne akwai malami zaune, in an gama sai ya maido hoton baya ya ce kai mi ya sa ka tsallaka fili ba wanda ke kare ka?

To ƙanen naki wa ke masa wannan tambaya? A shago in an harbe shi daƙiƙa kaɗan ya tashi garau, ba nauyin kaya, ba ranar Sakkwato bisa kai. In da gaske yake, ya fara gudun safe, ya jira a buɗe fom ɗin Defo na Zariya ko NDA Kaduna.