Alheri, Ni'ima da Bishara: Amsoshin Tambayoyinku

Wata ɗaliba da ke karatu a Ingila ta rubuto cewa: "Malam, muna taruwa da ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam don nazarin Littafi Mai Tsarki. Na yi wa wani Bahaushe bayanin alherin Allah, sai ya gyaɗa kai ya ce ai alheri danƙo ne. Ya fahimce ni kuwa?"

'Yata, ya ji kalmar, amma ma'anar da ya ɗauka ba ita kika nufa ba, kuma laifin ba nasa ba ne. Alheri daga Larabci muka aro shi, wato al-khair, kuma shi ne masu fassara suka ɗora wa kalmar Helenanci kharis, wadda ta bayyana fiye da sau 150 a Sabon Alkawari. Tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller, wani ɗan mishan Bature, ya yi wa hidimar shekaru, kalmar ta zauna daram a bakin Kiristoci. Sai dai ki dubi karin maganarmu da kyau. Idan aka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko aka ce alheri gadon barci, ana nufin wanda ya shuka shi zai girba, komai daren daɗewa. Wato a kunnen Bahaushe alheri yana tafe da sakayyarsa a goye. Abin da Manzo Bulus yake faɗa kuwa a wasiƙarsa ga Afisawa 2:8-9 shi ne ceto baiwa ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fariya. A Romawa 4:4 ma ya raba su sarai, inda ya nuna ladan ma'aikaci hakkinsa ne, ba a lissafa shi a matsayin alheri.

Saboda haka da ni ne ke, da na ajiye karin maganar, na buɗe masa Matiyu sura 20, inda mai gonar inabi ya biya wanda ya shigo aiki da la'asar sakaliya dinari ɗaya, daidai da wanda ya sha rana tun safe. Ɗalibin da ya saba da cewa maki gwargwadon ƙoƙari ake ba da shi, nan take zai ɓata fuska ya ce ba a yi adalci ba, kuma daga wannan ɓata fuskar ce hirar gaske za ta fara. Abin da ba na so shi ne halin wasu matasanmu, waɗanda da zarar bayani ya yi musu wuya sai su jefa kalmar Turanci a tsakiyar jimla su wuce, kamar an warware matsalar. Lalaci ne kawai. Muna da baiwa, muna da kyauta, muna da tagomashi; a haɗa su da alheri har ma'anar ta fito.

Wani ɗalibi ya ce abokansa Larabawa Kiristoci ni'ima suke cewa a maimakon alheri, yana tambaya ko mu ma mu koma gare ta.

A'a, ɗana. Gaskiya ne fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Larabci ta Van Dyck, wadda aka kammala a 1865, ni'ima ta yi amfani da ita, amma a Hausa kalmar ta karkata zuwa wadata da lumshi da jin daɗi. Idan ka ce wa mutum ni'imar Allah, yalwar arziki ce za ta fara zuwa masa a rai, ba gafarar mai laifi ba.

Wani kuma yana son sanin bambancin alheri da jinƙai.

Jinƙai shi ne a ɗauke maka hukuncin da ka cancanta, alheri kuwa a ba ka abin da ba ka cancanta ba.

Tambaya ta ƙarshe a kan bishara ce, ko daidai take da wa'azi.

Ba ɗaya ba ne. Wa'azi gargaɗi ne da tunatarwa, mutum ɗaya yana magana saura suna sauraro. Bishara kuwa tushenta ɗaya da albishir, labari ne mai daɗi da ake kai wa wanda bai ji ba, shi ya sa ta fi dacewa da zaman ɗalibai biyu a ɗakin kwana ko a bakin ɗakin karatu. Masu rubuta "bushara" ba su yi kuskure ba, amma a Littafi Mai Tsarki bishara za ka tarar.